Rauni Biyu, Magani Biyu: Abin da Ya Kamata Mutanen Kura da Bunkure Su Sani

Ranar Juma'a 27 ga Nuwamban 2015, wani ɗan ƙunar baƙin wake ya kutsa cikin ayarin 'yan Shi'a masu tattaki daga Kano zuwa Zariya, ya tashi bam a daidai Dakasoye, cikin ƙaramar hukumar Garun Malam. Aƙalla mutum 21 ne suka rasu, aka kwashi waɗanda suka jikkata zuwa asibiti. Lissafin da kafafen labarai suka bayar ke nan. Sai dai lissafin bai haɗa da masu talla a bakin titi ba, ko yaran da suka rugo kallo, ko mutanen gari da suka sa hannu aka tattara gawarwaki. Irin waɗannan kan koma gida ba ko ƙwarzane, a yi musu barka da arziki, alhali wasunsu sun kwaso ciwon da ba ya zubar da jini.

Kuma ba sai bam ya tashi ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya sauya rayuwar yankin. Shinkafa da tumatir da albasa da alkama suka kawo kuɗi. Tare da su kuma aka samu injuna, da babura, da manyan motoci, da magungunan feshi, da ruwa mai gudu a bakin gonaki da gidaje. Kowannensu yana iya jikkata mutum cikin ƙiftawa da Bismillah, ya kuma bar masa tabo a zuciya.

Raunin jiki da nau'o'insa

Na farko shi ne bugu, wato karo ko faɗuwa. Duk wanda ya bi ta Kwanar Gafan a kakar tumatir ya san yadda titin Kano zuwa Zariya ke cika: tireloli a fake a gefe, 'yan dako na tsallakawa da kwanduna a ka, lebura a zaune can saman kaya, mai babur ya ɗauko mutum uku ba ko hular kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kusan mutum miliyan 1.19 duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kisan masu shekara 5 zuwa 29.

Na biyu yanka ne ko huda: lauje, adda, injin casa, ko bel ɗin injin gyaran shinkafa. Bel ba ya jiran kowa. Hannun riga kawai zai kama, ko bakin mayafi, ya ja hannun gaba ɗaya kafin a kai ga kashe injin. Na uku ƙuna ce, wadda ta fi shafar mata masu turara shinkafa da yaran da ke rarrafe kusa da tukunya, da kuma gidajen da ake ajiye jarkar fetur ɗin injin ban ruwa a ɗakin kwana. Sai nutsewa a magudanai, inda gefen siminti ke da santsi, ruwa kuma ke ƙara ƙarfi kusa da ƙofofin rabawa. Sai guba, ta maganin feshi ko ta saran maciji.

Awa ta farko

A yawancin waɗannan, abin da aka yi a awa ta farko shi ke raba wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba. Jini in yana zuba, a danne wurin sosai da tsumma mai tsabta, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Wanda ya faɗo daga babur yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a kinkime shi a dunƙule a cusa a a-daidaita-sahu. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a ɗora shi a kan katako ko ƙyaure. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara ko manja, domin yana iya shaƙewa.

Akwai kuma wanda zai miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Ba komai, Allah ya kiyaye." Shi ma a sa masa ido. In ya fara gumi mai sanyi, da ƙishirwa, da jiri, da ciwon ciki, mai yiwuwa jini ke zuba a ciki. In kansa ne ya bugu, sai daga baya amai ya biyo, da ciwon kai mai ƙaruwa, da barcin da ake tashinsa da ƙyar, to jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai. Wannan ba na kemis ba ne, na asibiti ne a take.

Ƙuna tana son ruwa mai sanyi a kwarara mata na tsawon minti 20, ba man goge baki ko ƙwai ko gishiri ba. Saran maciji ba a tsaga shi, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A hana wurin motsi, a nufi asibitin da ke da allurar dafi. Yankan da ya taɓa ƙasar gona da taki kuwa a wanke shi da ruwa da sabulu, a nemi rigakafin tetanus, cutar da ke sarƙe haƙora ta sandarar da jiki. Toka da baƙin mai ƙara gurɓata ciwo suke yi.

Batun karaya yana buƙatar a tsaya a kansa. Masu ɗori sun daɗe suna hidima, jama'a kuma sun yarda da su saboda sauƙin kuɗi da kusanci. Matsalar ita ce gaɓar da ta karye tana kumbura, ɗaurin kara kuma ba ya buɗawa. In ya matse, jini ya daina isa yatsu, cikin sa'o'i nama ya fara mutuwa. Alamomin a bayyane suke: zogi mai ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu su yi sanyi, su daina ji, su fara baƙi. Duk uwar da ta ga haka a hannun ɗanta, ta sa a kwance ɗaurin, a tafi asibiti a ranar, ko da an ce mata "ai haka yake yi kafin ya kama". Likitocin ƙashi, irin na Asibitin Dala da ke aiki tun 1959, sun sha karɓar yaran da ƙaramar karaya ta kai su ga yanke hannu ta wannan hanya. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa ba ta mai ɗori ba ce ko kaɗan.

Masu tsoron taimako don gudun shiga hannun hukuma su sani: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa, wata doka ta 2017 kuma ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122.

Ciwon da hoto ba ya nunawa

Idan mutum ya ga mutuwa ido da ido, ƙwaƙwalwa kan sa jiki cikin shirin gudu ko faɗa: zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya yi sauri, jiki ya ɗauki rawa. Wannan kariya ce. Rashin barci, da razana, da kuka, da rashin cin abinci a kwanakin farko ba hauka ba ne, kuma ga yawancin mutane sukan lafa cikin makonni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na mutanen duniya za su gamu da abin firgici a rayuwarsu, amma kashi 5.6 ne kawai daga cikinsu abin ke zame musu ciwo mai ɗorewa, kuma ya fi kama mata.

In aka haura wata guda abin bai sassauta ba, har ya hana aiki ko zaman iyali, likitoci na kiransa PTSD, wato ciwon firgici na bayan masifa. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka shigar da shi jerin cututtuka, bayan abin da suka gani a tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam.

A ɗauki misalin direban da ya tsira daga haɗarin da yaron motarsa ya rasu. Ƙafarsa ta warke, ya ajiye sanda. Amma da ya rufe ido sai ya ga gilashi na tarwatsewa, ya ji ƙaurin taya. Ya daina karɓar lodin da zai bi ta wurin da abin ya faru. Yaro ya yar da kwano a tsakar gida, sai ya zabura ya hau shi da faɗa. Ya daina zama majalisa, kullum zuciyarsa na ce masa da ya taka birki da wuri da yaron yana raye. Alamomin ke nan guda huɗu: abin ya riƙa dawowa a farke ko a mafarki, gudun duk abin da ke tuna shi, zama cikin ɗar-ɗar, da ganin laifin kai. Sau da yawa ba haka zai faɗa wa likita ba; cewa zai yi ƙirjinsa na zafi, kansa na sarawa, jikinsa ba ƙarfi.

Yara nasu daban ne. Wanda ya ga ruwa ya tafi da abokin wasansa yana iya komawa fitsarin kwance, ya manne wa uwarsa, ya ƙi makaranta. Akwai kuma firgicin da ba na rana ɗaya ba: dukan mace a gidan aure, fyaɗe, azabtar da yaro. Wannan ya fi zurfi, don mai cutarwar sau da yawa na gida ne, kunya kuma ta sa a rufe maganar. Babbar asara ma tana karya zuciya. A 2016, da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir har masana'antar Ɗangote ta Kadawa ta dakatar da aiki, manoma da dama sun wayi gari da bashi ba amfanin gona. Irin wannan kan jefa mutum cikin damuwa mai tsanani.

Abin da ke taimako da abin da ke ɓatawa

Al'adar Bahaushe tana da magani babba a nan. Jaje, da dubiya, da ta'aziyya, da addu'a, da maƙwabcin da zai ba wa gonarka ruwa ranar da kake kwance, duk suna cikin abubuwan da ke hana firgici kafuwa. Inda ake kuskure shi ne a mai da haƙuri umarnin yin shiru. "Kai ba namiji ba ne?" da "Har yanzu ba ki dangana ba?" ba sa warkar da kowa, ɓoyewa kawai suke koya wa mutum. Haka nan tilasta masa maimaita labarin ga duk mai shigowa dubiya, ko ɗaukar hoton waɗanda suka jikkata a watsa a WhatsApp har ya iso wayar 'yan uwansu.

Wasu kan ce iska ce ko sammu. Neman addu'a wurin malami bai hana zuwa asibiti ba, ana haɗa su. Amma duka da sa mari ƙarin rauni ne, kamar yadda aka gani a 2019 lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura.

Wani ramin shi ne ƙwaya. Matashin da barci ya ƙaurace masa, ko zogi ya dame shi, sai ya nufi taramol ko ƙwayar barci ko kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa ruwan tarinsa da shigo da shi a 2018. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gargaɗi likitoci kada su ba da ƙwayoyin barci irin su baliyam don firgicin watan farko, domin ba sa warkar da shi, suna kuma jawo sabo.

Maganin da aka tabbatar yana aiki shi ne zama da ƙwararre, galibi sau 8 zuwa 12, inda ake bi da mutum a hankali ya fuskanci abin da ya faru har tunawa da shi ta daina girgiza shi. Wani lokaci a haɗa da maganin damuwa, wanda ke ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsa, kuma ba a daina shi sai da izinin likita. Ana iya farawa daga Babban Asibitin Kura ko asibitin da ya fi kusa, a nemi a tura mutum sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Wadda aka yi wa fyaɗe a kai ta Cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala kafin cikar awa 72, don a samu ba ta maganin kariya daga ƙanjamau. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma kare mutuncin masu irin wannan lalura.

Ba a jiran cikar wata idan mutum ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ko ya daina ci da sha, ko yana jin muryoyi. A kwashe maganin feshi da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da na direbobi, da na masu injin shinkafa suna da tsari da shugabanni, suna kuma tara kuɗi. Za su iya neman Red Cross ta horar da mutum biyu ko uku a kowane sashe kan taimakon farko, su sa a yi wa bel murfi, su ajiye igiya da tsani a bakin ƙofofin ruwa, su kuma ɗora wa wani dattijo nauyin komawa duba wanda ya yi haɗari bayan wata guda, ya tambaye shi ƙafa, ya kuma tambaye shi barci.