Mai Zanen Da Sana'arsa Ta Fanshe Shi

Mu da aikinmu ya shafi makarantu, labarin kurkukun Tuol Sleng ya fi taɓa mu, gama asalinsa makarantar sakandare ce a Phnom Penh, babban birnin Kambodiya. Bayan 'yan Khmer Rouge sun ƙwace mulki a 1975, sai suka mai da azuzuwan ɗakunan azaba. Mutanen da aka shigar can sun haura 12,000, waɗanda suka fito da rai kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai.

Cikinsu akwai Vann Nath, mai zane, mutumin Battambang. A 1978 aka kawo shi, aka sa masa mari. Da sarkin gidan, watau Duch, ya ji sana'arsa, sai aka miƙa masa hoton shugabansu Pol Pot, aka ce ya zana. Ya tabbata in fuskar nan ba ta yi kama ba, tasa ta ƙare. Haka ya yi ta zana mai kashe su har Janairu 1979, sa'ad da sojan Biyetnam suka ci birnin.

Da ya kuɓuta bai jefar da burushi ba. Ya koma gidan nan, wanda aka mayar gidan tarihi, ya zana 'yan'uwansa fursunoni yadda ya gan su, ƙashi da rai, ɗaure a jere. A 2009 ya tsaya gaban kotu ya ba da shaida a kan Duch. Ya rasu a 2011.

Saboda haka muna roƙon malamai kada su rena darasin zane. Hannun da aka tilasta wa zana azzalumi, shi ne ya hana a manta da waɗanda aka zalunta.