Kwalara a Sansanin 'Yan Gudun Hijira

'Yan'uwana ɗalibai, ina son in ɗan yi bayani kan abin da ke sa kwalara saurin ɓarkewa a tsakanin waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. Ƙwayar cutar tana cikin bayan-gidan majiyyaci. Idan jama'a ta yi yawa, masai ya yi kaɗan, sai ruwan sama ya kwashi ƙazanta zuwa inda ake ɗibar ruwan sha. Haka ta faru a sansanin Muna Garage da ke bakin Maiduguri a daminar 2017. Amai da gudawa kan ƙarar da ruwan jiki cikin 'yan sa'o'i. Don haka a tafasa ruwan sha, a riƙa wanke hannu da sabulu. Wanda ya kamu kuwa, a yi ta ba shi ruwan gishiri da sukari har a kai shi asibiti. Allah ya kiyaye.