Wane Ne a Cikin Fatar Dodo?

Fim ɗin bai yi nisa ba sai Godzilla ya ɓullo daga Dutsen Fuji yana ragargaza duk abin da ya tarar. Wannan ba ƙaramin abin mamaki ba ne, domin a 1974, shekarar da kamfanin Toho ya fitar da Godzilla vs. Mechagodzilla, yaran Japan sun daɗe da ɗaukar wannan dodo a matsayin garkuwarsu. Sai ga Anguirus, dodon nan mai ƙayoyi a gadon baya, wanda suka sha yin yaƙi kafaɗa da kafaɗa, ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ya auka masa. Godzilla ya danƙe shi ya karya masa muƙamuƙi. Me ya shiga tsakanin aminai?

Daraktan, Jun Fukuda, ya zuba alamu ga mai lura. Kukan dodon ya sauya, ya koma siriri mai kaifi. A cikin kokawar wani ɓangare na fatarsa ya ɓantare, wani abu ya ƙyalla a ƙasanta. Da ƙura ta lafa aka tsinci guntun ƙarfe a wurin, irin wanda aka riga aka samu a wani kogo a tsibirin Okinawa, wanda wani farfesa ya gwada ya ce ba ƙarfen duniyar nan ba ne. Da dare dodon ya far wa matatar mai, ana cikin haka wani Godzilla ya bayyana. Biyu ke nan. Wutar bakin na gaskiyar ta yi ta yage fatar na jabun, daga bisani masu shi suka ƙone sauran, sai ga mutum-mutumin ƙarfe tsaye yana walƙiya, yatsunsa rokoki, idanunsa na harba haske. Wasu baƙi daga wata duniya suka ƙera shi, suka sa masa fatar dodo don su ci ƙasa da sunan wani. Ashe Anguirus tun farko ya gane ba amininsa ba ne.

Wannan ƙulli mai sauƙin kwancewa ne. Wanda ya fi ɗaure mini kai daban ne, kuma ina jin duk wanda ya tashi a wani gari na masarautar Daura zai ji shi. Mu labarin da muka sha tun muna ƙanana shi ne na Bayajidda: baƙo ya zo daga gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso rijiyar Kusugu inda maciji Sarki ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, ya sare kansa, Daurama ta aure shi. A wurinmu baƙo da ƙarfensa su ne ceto, dodo shi ne masifa. To me ya sa Japanawa suka kifa zancen, dodo ya zama na gida, baƙo mai ƙarfe ya zama abokin gaba?

Sai an koma baya shekara 20. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibiran Bikini, tokarsa ta zubo kan wani jirgin masunta na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru, da mutum 23 a ciki. Duk suka kamu da ciwo, mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu a watan Satumba. A Nuwamba Ishiro Honda ya fitar da Godzilla na farko, inda gwajin nukiliya ya tayar da dodo daga ƙasan teku ya ƙone Tokyo. Masu kallon ba su manta da Hiroshima da Nagasaki ba, shekara tara kacal. Ke nan tun asali dodon ba shi ne mai laifin farko ba. Tsokano shi aka yi, shi ma makamin ya ƙona shi. Shi ya sa bai yi wuya ba daga baya a ji tausayinsa, har a mai da shi jarumi.

Saura Okinawa. A yaƙin da aka gwabza a tsibirin a 1945, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na mazaunansa ya mutu. Amurka ta riƙe shi shekara 27, sai ranar 15 ga Mayu 1972 ta mayar wa Japan, kuma sansanonin sojanta suna nan har gobe. Shekara biyu bayan haka aka yi fim wanda baƙi suka kafa ɓoyayyen sansani a wannan tsibirin, suna sarrafa makami daga ciki. Wanda ya tashi ya taya Godzilla faɗa shi ne King Caesar, dodo mai siffar zakin nan da mutanen Okinawa ke girkawa a kan rufin gidajensu don tsari, kuma wata budurwa daga tsohon gidan sarautar tsibirin ce ta tashe shi da waƙa. A ƙarshe Godzilla, jini na zuba daga wuyansa, ya mai da jikinsa maganaɗisu, ya jawo mutum-mutumin, ya murɗe masa kai ya cire.

Gaskiya ne akwai lissafin kasuwa a ciki. A lokacin yara sun haukace da mutum-mutumi irin Mazinger Z da ya fara a talabijin a 1972, Toho kuwa kuɗi take nema. Amma kasuwa ba ta tilasta musu zaɓar Okinawa ba. A ganina mu da su kowa abin da ya gani daga baƙo ya faɗa. Kakanninmu sun riƙe labarin baƙon da ya buɗe rijiya, su kuma sun ga wanda ya zo ta sama da wuta. Ɗan'uwa, idan fim ɗin nan ya faɗo hannunka a waya ko a gidan kallo, kada ka raina shi don ka hango mutum ne sanye da rigar roba. Ka kalle shi har ƙarshe, ka lura da inda aka kafa sansanin.