Tafiyar Aiki Da Iyali: Lissafin Da Magidanta Ke Yi Kafin Su Kama Hanyar Abuja

ABUJA — A duk lokacin da makarantu suka yi dogon hutu, daga ƙarshen watan Yuli zuwa Satumba, akan ga ƙaruwar ƙananan motoci a kan hanyar Kano zuwa Abuja, maigida na tuƙi, uwargida na gefensa, yara kuma sun cika kujerar baya. Wasu daga cikin waɗannan magidanta aiki ne ya taso da su: taron ƙara wa juna sani, ko kare kasafin kuɗi a wata ma'aikata, ko bin sawun takardun kwangila. Sun dai ga dacewar su haɗa da iyali ne, tun da motar guda ce, man da za ta sha kuma bai ƙaru ba.

Wannan ɗabi'a ta samo asali daga yadda aka kafa birnin. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ce ta kafa dokar Babban Birnin Tarayya a watan Fabrairu na 1976, sannan a ranar 12 ga Disamba, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya dawo da mazaunin gwamnati daga Legas. Ma'aikata sun taso da yawa, amma gidaje ba su wadata ba, kuɗin haya kuma ya fi ƙarfin mai matsakaicin albashi. Saboda haka da dama suka bar iyalansu a Kaduna da Zariya da Kano, wasu kuma suka raɓa a Suleja da Nyanya da Mararaba. Tun daga lokacin Abuja ta zama garin da uba ke zuwa aiki, yara kuwa sai dai su ji labarinsa.

Tsarin mayar da haƙƙoƙin ma'aikata zuwa tsabar kuɗi, wanda gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta ɓullo da shi a 2003, ya ƙara wa abin ƙarfi. Da aka janye motocin ofis daga hannun akasarin jami'ai, sai kowa ya koma tafiya da motarsa. Wanda ke cikin motar kansa kuwa ba mai tuhumarsa don ya ɗauko 'ya'yansa.

Sai dai kuma lissafin ya sauya ƙwarai. Babbar hanyar da ta tashi daga Zuba ta bi ta Kaduna da Zariya zuwa Kano tana da tsawon kilomita kusan 375. Idan aka haɗa da shiga cikin birni, zuwa da dawowa ya tasam ma kilomita 800. Motar da ke shan lita 10 a kowane kilomita 100 za ta buƙaci lita 80 ke nan. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin gwamnati bai kai Naira 200 kowace lita ba, wato Naira 16,000 ta isa tafiyar. A watan Oktoba na 2024 kuwa lita ta haura Naira 1,000 a Abuja, wanda ya kai kuɗin man tafiyar sama da Naira 80,000.

Alawus ɗin kwana da gwamnati ke biya bai bi wannan tashi ba a wancan tsakani. Bisa tsarin da ya soma aiki a ranar 1 ga Satumba, 2022, ma'aikaci mai matakin albashi na 7 zuwa na 10 an yanka masa Naira 17,500 a rana, na 12 da na 13 Naira 20,000, na 16 da na 17 kuma Naira 37,500. Kuɗin na masauki da abincin ma'aikacin ne shi kaɗai, haka ma kuɗin sufuri da ake lissafawa dabam. Duk abin da mata da yara suka ci, da ƙarin ɗakin da aka kama dominsu, daga aljihun maigida yake fita.

Wannan ne ya sa iyalai da yawa ke kauce wa manyan otal-otal na Maitama da tsakiyar birni, su sauka gidan 'yan'uwa a Kubwa ko Gwarinpa ko Lugbe. Wasu sukan kama gidan haya na 'yan kwanaki mai ɗakin girki, harkar da ta bunƙasa a birnin a 'yan shekarun nan. Uwargida kan taho da dambun nama da soyayyiyar kaza da garin kunun yara tun daga gida, domin abincin saye sau uku a rana ga mutum biyar ko shida kan cinye alawus ɗin kafin a rufe taro.

Yayin da maigida ke zauren taro, iyali na da wuraren zuwa da ba su da tsada. Akwai lambun shaƙatawa na Millennium a Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Ingila ta buɗe a watan Disamba na 2003. Akwai gidan namun daji da filin wasan yara a Asokoro, kusa da Dutsen Aso, ga kuma Tafkin Jabi da Babban Masallacin Ƙasa. Tun kafin a shiga birni ma, yara kan ga Dutsen Zuma a kusa da Madalla, wanda suka saba ganin hotonsa a jikin takardar Naira 100. Gani ya kori ji, in ji masu iya magana.

Masu sana'a a bakin hanya su ma suna cin moriyar abin. Direba shi kaɗai yana iya wuce gari da gari bai tsaya ba, amma mai ɗauke da ƙananan yara dole ya yada zango, a yi salla, a ci abinci, a kewaya. Masu abinci a Tafa, da masu sayar da doya da rake da ayaba, da masu faci da makanikai, kasuwarsu ta fi ci a irin wannan lokaci.

Babban abin da ke sa magidanci tunani, bayan kuɗi, shi ne lafiyar hanyar. An ba da kwangilar sake gina ta ga kamfanin Julius Berger a ƙarshen 2017, amma aikin ya ɗauki shekaru, har gwamnati ta soke kwangilar sashen Abuja zuwa Kaduna a ƙarshen 2024. Garkuwa da mutane a yankunan Rijana da Katari ta sa jama'a da yawa sun koma jirgin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Yuli na 2016, tsakanin Idu da Rigasa. Shi ma an kai masa hari a ranar 28 ga Maris, 2022, inda aka sace fasinjoji, har da mata da ƙananan yara, kuma bai dawo aiki ba sai a watan Disamba na shekarar.

Don haka masu tafiya da iyali sukan tashi da sassafe, su tabbata sun isa kafin magariba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin cewa yaron da bai kai shekara 12 ba a kujerar baya ya kamata ya zauna, a kuma ɗaura masa bel.

Duk da wannan ɗawainiya, magidanta ba su fasa ba, sai dai sun rage yawan tafiyar. Wanda a da yake ɗaukar iyali a kowane hutu, yanzu yakan jira taron da ya faɗo cikin dogon hutu, ya duba farashin mai da labarin hanya, ya kuma tuntuɓi ɗan'uwan da zai sauke su, kafin ya shaida wa yara ranar tashi.