Me ya sa tabaran metaverse ba su samu shiga a Bengou ba?

A watan Oktoban 2021 Mark Zuckerberg ya sauya wa kamfanin Facebook suna zuwa Meta, yana mai cewa gaba mutane za su riƙa sanya wasu manyan tabarau su shiga duniyar kwamfuta, su yi taro da ciniki kamar suna tare. Sashen da ke wannan aiki ya yi asarar sama da dala biliyan 17 a 2024 kaɗai.

A Bengou da ke yankin Gaya a jihar Dosso, kusa da iyakokin Najeriya da Benin, dalilin farko lissafi ne. Tabaran Quest 3S, mafi araha a na Meta, ya fito a kan dala 299, wato sama da sefa dubu 160. Mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 42,000 ne. Batirinsa kuma bai wuce awa biyu zuwa uku ba, a ƙasar da ta kwashe watanni cikin ƙarancin lantarki bayan Najeriya ta katse mata wuta a Agustan 2023.

Amma ba tsoron fasaha ba ne. Nan da nan jama'a suka rungumi WhatsApp, domin saƙon murya ba ya buƙatar iya karatu, kuma waya ɗaya na iya zagaya gida kowa ya gaisa da ɗansu da ke Kwatano ko Legas. Tabarau kuwa na mutum ɗaya ne: yana rufe ido, ya raba ka da wanda ke zaune kusa da kai, wasu ma yana sa su jiri. Matashin da babba zai yi wa sallama yana can yana daga hannu a iska, sai a ce ba shi da tarbiyya.

Akwai kuma batun addini. Bayan Saudiyya ta ƙaddamar da shirin kallon Hajarul Aswad ta irin wannan tabarau a ƙarshen 2021, hukumar addini ta Turkiyya, Diyanet, ta ce wannan ba aikin Hajji ba ne, dole sai ƙafa ta taka ƙasa.

Haka ma kasuwa. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya zuwa Malanville, amma fatake ba su koma intanet ba. Kwale-kwale suka shiga suna tsallaka kogin Kwara, domin mai sayen albasa sai ya buɗe buhu ya taɓa.