Neman Mafassarin Harshen Kwamfuta Domin Na'urar Gida

An shirya wannan 'yar takarda ne domin hakimai da malamansu, saboda yanzu kwamfuta ta shiga gidaje da ofisoshin gunduma, kuma samari da yawa sun ɗaura niyyar koyon rubuta manhaja da kansu. Sau da yawa yaro ya kan zo wurin mahaifinsa ko wurin malamin hakimi ya ce na'urarsa ba ta jin abin da ya rubuta mata, sai an saya masa wani abu da a ke kira kwamfaila da Turanci. Dattijo kuwa ba ya iya rarrabe ko maganar gaskiya ce ko hanyar ɓarnar kuɗi. To, abin nan da yaron ya ke nema gaskiya ne, lalle ba a yin aikin sai da shi. Amma fa a zamanin nan mafi nagartarsa kyauta ne, abin da ya rage shi ne a san wanda ya dace da harshen da kuma na'urar.

Mene ne mafassari?

Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Abin da ƙwaƙwalwarta ta ke ganewa lambobi ne tsantsa, sifiri da ɗaya, jere bayan jere. Rubuta umurni da irin wannan lissafi aiki ne mai cin rai, kuma kuskure a cikinsa ba shi da wuya. Saboda haka masana suka ƙago waɗansu harsuna masu ƙa'ida, waɗanda mutum zai iya karantawa, sa'an nan suka ƙago manhajar da za ta juya rubutun zuwa lambobin na'ura. Wannan manhaja ita ce kwamfaila, watau mafassari.

Masu sarauta sun san bambancin tafinta da mai fassara takarda. Tafinta ya kan tsaya a tsakani, baƙo ya faɗi magana ɗaya ya juya ta, ya faɗi wata ya juya, kuma duk ran da aka sake zama sai an sake kiransa. Mai fassara takarda kuwa ya kan karɓi wasiƙa gaba ɗaya, ya fassara ta sau ɗaya, daga nan a yi ta karanta fassarar ba tare da an koma gare shi ba. Haka abin ya ke a wajen kwamfuta. Harshen Python galibi da tafinta a ke tafiyar da shi, harshen C++ kuwa da mafassari. Fassarar da aka gama ta fi saurin gudu, domin na'ura ba ta tsayawa jiran kowa.

Wata Ba'amurkiya mai suna Grace Hopper ce ta shirya ɗaya daga cikin na farko a 1952. A 1957 kuma kamfanin IBM ya fito da mafassarin harshen FORTRAN, ƙarƙashin jagorancin John Backus.

Harshe mai tsarin abubuwa

A cikin harsunan kwamfuta akwai wani rukuni da a ke rubutu da shi bisa tsarin abubuwa. Ma'anar wannan ba za ta yi wa malamin ofis wuya ba. A ɗauki takardar fom wadda ba a cika ba, mai gurbin suna da gurbin ƙasa da gurbin ranar naɗi. Ita wannan takarda ba kowa ba ce, siffa ce kawai. In aka cika ta da sunan wani dagaci, ta zama bayanin mutum guda. A wannan tsari, fom ɗin da ba a cika ba shi ne jinsi, wanda aka cika kuwa shi ne abu. Har wa yau a kan haɗa wa jinsi ayyukan da ya ke iya yi, alal misali ƙidayar gidaje ko aika rahoto, yadda bayani da aikinsa za su zauna wuri ɗaya.

Daɗin daɗawa akwai gado. In an shirya jinsin mai sarauta, ba sai an sake rubuta kome daga fari ba domin hakimi ko dagaci ko mai unguwa. Kowannensu ya kan gaji abin da ke cikin jinsin farko, sa'an nan a ƙara masa abin da ya keɓanta da shi. In aka gyara kuskure a tushe, gyaran ya ratsa dukan magada. Wannan shi ya sa a ke son tsarin a manyan ayyuka.

Asalin dabarar daga ƙasar Norwe ne, inda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka fito da harshen Simula 67 a birnin Oslo cikin 1967. Bayan haka wani mutumin Danmak, Bjarne Stroustrup, ya fara ɗora wannan tsari a kan harshen C a ma'aikatar bincike ta Bell da ke Amurka cikin 1979, aka raɗa wa sabon harshen suna C++ a 1983. Java kuwa kamfanin Sun ne ya fito da shi a 1995. Waɗannan biyu, C++ da Java, su ne za a yi magana a kansu a nan.

Yadda neman ya ke da wuya a dā

Kwamfutocin gida na farko ƙanana ne ƙwarai. Commodore 64, wadda ta fito a 1982, ma'ajiyar aikinta kilobayit 64 ce kacal, kuma da harshen BASIC ta ke zuwa. Ko kwamfutocin IBM masu tafiya da DOS, iyakar abin da manhaja ta saba samu kilobayit 640 ne. Mafassarin C++ na farko da aka sayar a 1985, mai suna Cfront, bai kai rubutu har ga lambobin na'ura ba. Juya shi ya ke yi zuwa harshen C, sa'an nan a nemi wani mafassarin ya ƙarasa, kamar wasiƙar da sai ta bi hannun malamai biyu kafin sarki ya ji ta.

Sauƙi ya zo ta hanya biyu. Ta farko ita ce ta 'yan kasuwa: Zortech C++ ya fito domin DOS a 1988, kamfanin Borland kuma ya fito da Turbo C++ a 1990, duka biyu na sayarwa ne. Ta biyu ita ce ta kyauta. A 1987 Richard Stallman ya saki mafassarin GCC, bisa sharaɗin kowa na da ikon kwafa da gyarawa da ba wani, kuma a ƙarshen shekarar Michael Tiemann ya fito da sashensa na C++, wanda a ke kira g++. Wannan hanya ta biyu ita ce ta buɗe wa mai ƙaramin ƙarfi ƙofa.

Tambayoyi uku kafin a nema

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a sauko da kome daga intanet, ya kamata a amsa tambayoyi uku.

Ta farko, wane harshe ne? Mafassarin C++ ba ya jin Java, na Java ba ya jin C++. Sai a duba littafin da ɗalibi ya ke karatu da shi, ko a tambayi malaminsa.

Ta biyu, wace irin na'ura ce? A nan abu biyu a ke dubawa: babbar manhajar da ke tafiyar da ita, watau ko Windows ce ko Linux ko macOS, da kuma irin ƙwaƙwalwarta, ko ta Intel da AMD ce ko ta ARM. Fassarar da aka yi domin Windows ba ta gudu haka kawai a kan Linux.

Ta uku, wane zamani ne na harshen? Harshe ya kan sāke. Hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta tsai da ƙa'idar C++ ta farko a 1998, aka yi mata babban gyara a 2011, aka ƙara a 2014 da 2017 da 2020. A nan ne mutane da yawa su ke tuntuɓe. Har yanzu a kan ga Turbo C++ yana yawo daga hannu zuwa hannu, alhali kuwa ya girmi ƙa'idar 1998. Rubutun da ke cikin littattafan yanzu ba ya karɓarsa, kuma Windows mai bit 64 ba ta tayar da shi sai an bi ta wata manhaja kamar DOSBox. Yaron da ya koya da shi zai sake koyo daga baya.

Inda a ke samunsa

Mai Linux shi ya fi kowa hutawa. A Ubuntu ko Debian, sai ya buɗe tagar umurni ya rubuta sudo apt install g++, na'ura ta sauko da shi da kanta.

Mai macOS zai rubuta xcode-select --install, ya sami Clang, wani mafassari na kyauta da aka fara saki a 2007.

Mai Windows yana da zaɓi biyu. Akwai Visual Studio Community na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2014, kyauta ga mutum guda da ɗalibai. Cikakke ne, amma nauyinsa ya kan kai gigabayit da dama, yana cin data da wurin ajiya. Akwai kuma MinGW-w64, watau GCC da aka gyara domin Windows, wanda a ke samu ta hanyar MSYS2, shi kuwa ya fi sauƙin nauyi nesa ba kusa ba. Tsohuwar kwamfuta da wurin da intanet ke yankewa, na biyun ya fi dacewa da su.

A lura da wani abu. Manhajar da a ke rubutu a cikinta daban, mafassari daban, kamar yadda tebur da alƙalami ba su ne malamin ba. Visual Studio Code wurin rubutu ne kawai, ba ya zuwa da mafassarin C++. Code::Blocks kuwa iri biyu a ke rabawa domin Windows, kuma wanda ke da kalmar mingw a cikin sunan fayil ɗinsa shi ne mai ɗauke da mafassari. Da yawa daga masu cewa na'urarsu ta lalace, a nan suka ɓata.

Mai son Java zai nemi abin da a ke kira JDK, domin a cikinsa mafassarin javac ya ke. Wanda a ke kira JRE gudanar da manhaja kawai ya ke yi, ba ya fassara. OpenJDK kyauta ne. Java ya kan fassara rubutu zuwa wasu lambobi na tsaka-tsaki, waɗanda wata manhaja mai suna JVM ke gudanarwa, shi ya sa fassara guda ta kan yi aiki a na'urori iri iri.

Wanda ba shi da kwamfuta sai wayar Android, shi ma bai rasa ba. Da manhajar Termux a na iya girka Clang a yi ƙananan darussa.

Gwaji

Gani ya kori ji. In an gama girkawa, sai a buɗe tagar umurni a rubuta g++ --version, ko javac -version ga mai Java. In lamba ta fito, aiki ya yi. In na'ura ta ce ba ta san wannan umurni ba, galibi ba lalacewa ba ce. Akwai wani jerin wurare da a ke kira PATH, inda na'ura ke dubawa in an kira manhaja, kuma ba a rubuta mazaunin mafassarin a ciki ba. Kamar baƙo ne da ya sauka a gari ba a kai sunansa wurin mai unguwa ba: yana nan, amma mai nemansa ba zai same shi ba. Da an ƙara mazaunin a jerin, an sake buɗe tagar, shi ke nan.

Sa'an nan a rubuta 'yar gajeriyar manhaja mai buga gaisuwa, a ajiye ta da suna sannu.cpp, a ba da umurnin g++ sannu.cpp -o sannu. In mafassari ya yi shiru, fassara ta yi kyau. In ya kawo ƙorafi, ya kan faɗi lambar layin, kuma ƙorafin farko a ke fara gyarawa, domin sau da yawa sauran duk 'ya'yansa ne.

Baƙaƙen Hausa

Malamin da zai shirya manhajar ajiye sunayen ƙauyuka zai gamu da ɓ da ɗ da ƙ. Waɗannan baƙaƙe suna cikin ƙa'idar Unicode, saboda haka sai a ajiye fayil da tsarin UTF-8. A wannan tsari kowanne daga cikinsu yana cin bayit biyu, alhali a da b da k ɗaya ɗaya su ke ci. Don haka in aka sa C++ ya auna tsawon kalmar ƙasa ta hanyar da aka saba, zai ce 5, ko da ya ke baƙaƙenta 4 ne. In kuma tagar umurni ta Windows ta nuna wasu alamu na shirme a gurbin baƙaƙen, umurnin chcp 65001 ya kan daidaita ta. Wannan ma wani dalili ne na barin tsofaffin mafassara, gama an yi su ne tun kafin a ƙago UTF-8.

Abin da a ke fata ga hakimai da malamai

Na ɗaya, kada a biya kuɗi domin faifai ko fulashi mai ɗauke da mafassarin sata. Irin waɗannan kwafe su kan zo da ƙwayar cuta mai ɓata fayiloli, kuma ba abin da za su yi wanda na kyauta ba ya yi. Na biyu, a sauko da manhaja daga gidan intanet na masu ita, a guji shafukan da ba a san mai su ba. Na uku, kada a yi gwaji a kan na'urar da ke riƙe da takardun gunduma sai an kwafe takardun an ajiye a wani wuri. Na huɗu, tun da ya ke GCC da Clang da OpenJDK an yarda a kwafa a ba wani, in mutum ɗaya ya sauko da su a gari mai intanet mai ƙarfi, ya iya kai wa sauran ɗaliban gundumarsa ba tare da laifi ba.

Kuɗin da aka tanada domin sayen mafassari, gara a sa shi a littafi mai kyau wanda ya bi ƙa'idar 2011 ko ta bayanta, da kuma abin riƙe wuta domin kada ɗaukewar lantarki ta cinye wa ɗalibi aikin yini guda.