Magarya da Dungas: yatsa a na'ura, murya a WhatsApp

A zaɓen 2016, a Nijar, wanda ba shi da takarda yana iya jefa ƙuri'a idan mutum biyu suka shaide shi. Wannan ya jawo gardama mai zafi tsakanin jam'iyyu. Kafin zaɓen 2020, hukumar CENI ta ɗauki hoto da zanen yatsun masu zaɓe, mutum miliyan 7 da dubu 400 da 'yan kai a ƙasa baki ɗaya. Da wannan kundi aka yi zaɓen ƙananan hukumomi ranar 13 ga Disamba, na shugaban ƙasa da 'yan majalisa ranar 27.

Na'ura tana gano wanda ya yi rajista sau biyu. Amma sai ka zo gabanta da takardar haihuwa ko wata shaida, abin da mutanen karkara da yawa ba su da shi a Wacha, Sassumburum ko Dogo-Dogo. Shi ya sa aka yi ta zaman alƙalai na tafi-da-gidanka domin raba takardun. Wanda ya tsallaka Kano ko Jigawa cin rani lokacin rajista, shi ke nan, sunansa bai shiga ba.

Canjin da ya fi girma a salula yake. Saƙon murya ba ya bukatar boko. Da Hausa ake yinsa, yana ƙetare iyaka ba tare da biza ba, daga kasuwar Magarya zuwa Babura. Da shi aka riƙa titsiye magajin gari kan rijiyar da ba a gina ba, da shi kuma ake yaɗa ƙarya, sau da yawa a cikin zaure ɗaya.

Makunnin dai yana hannun hukuma. Bayan zagaye na biyu na 21 ga Fabrairun 2021, tsakanin Bazoum Mohamed da Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, an katse intanet na salula kusan kwana goma.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, an rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi. A Yunin shekarar aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta intanet. Zaurukan WhatsApp na nan cike, sai dai mai magana yana auna bakinsa kafin ya danna.